Yaya da Ɗalibin Bencin Baya

Yayata ta yi shekara talatin da biyar tana koyarwa a firamaren gwamnati da ke bayan tashar mota, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin ta shiga wuri ta fito ba tare da ta gyara wa wani zama ba. Ni mai gyaran rediyo da lasifika ne, da furfurata, da 'ya'yana shida, amma har yau in ta leƙo shagona ta ce, "Auta, zauna da kyau," sai in ji bayana ya miƙe da kansa kafin in yi shawara da shi. Mutanen unguwa suna kiran ta Jan Biro, a bayan idonta dai, don ban ga mai ƙarfin halin da zai faɗa a gabanta ba.

Da ta yi ritaya mun ɗauka mun huta. An yi mata taron ban kwana, aka ba ta agogon bango da takardar yabo cikin gilashi. Wani babba daga ofishin ilimi ya yi jawabi mai daɗi a kan darajar malami, har da goge ido, sannan ya duba agogonsa ya fita da sauri don kada ya makara ɗauko 'ya'yansa daga makarantar kuɗi. Yaya ta koma gida, ta rasa wanda za ta koyar, sai ta juya kan mijinta. Bawan Allahn nan mai haƙuri, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya koma wuni a shagona, wai iskar nan ta fi masa daɗi. Shagona ko taga babu.

Wata na huɗu da ritayarta aka liƙa takarda a ƙofar makarantar. Za a rufe ta, a kwashe yaran zuwa wata makarantar da ke ƙetaren babban titi, tafiyar minti arba'in a ƙafa, filin kuma a gina shaguna. Dalili, wai gini ya tsufa, ana jiye wa yara hatsari. Gini kam ya tsufa. Shekara goma sha biyu Yaya tana rubuta wa hukuma takarda a kan rufin aji uku da aji huɗu, ba wanda ya ji tausayin yaran sai da filin ya yi daraja. Yara ɗari shida ne da 'yan kai, 'ya'yan masu dako, masu wanki, masu tura baro da kwandastoci. Yaya ta ce ta san gidajensu ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ba za su ƙetare titin nan ba, a tasha za su tsaya, daga nan kuma karatu ya ƙare.

Ta zaga ofisoshi da jakarta a hammata. Wannan ya tura ta wurin wancan, wancan ya ce oga ya fita, ogan da ta samu ya ce magana ta fi ƙarfinsa, majalisar jiha ce kaɗai za ta iya dakatar da ita. Daga can shagona ta wuto kai tsaye. Mijinta na hango ta ya gyara zama.

"Auta, zan tsaya takarar majalisa."

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne, na manta Yaya ba ta taɓa yin wasa ba tun da aka haife ni.

"Yaya, da me za ki tsaya? Wa kika sani?"

"Wa ban sani ba? Rabin garin nan ni na koya musu riƙe fensir. Kai za ka riƙa tuƙa ni, kuma lasifika tana hannunka."

Na dubi mijinta ko zai cece ni. Ya ce shi yana goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma na san lissafinsa: duk ranar da take yawon neman ƙuri'a, gidan nasa ne.

Wata ƙaramar jam'iyya mai ofis a saman shagon faci ta ba ta tikiti hannu bibbiyu, don dama ba mai nema. Yaya ta jawo tsohon akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, cike da sunayen duk ajin da ta taɓa riƙewa. Ta ƙirga ta ce tana da tsofaffin ɗalibai sama da dubu biyu, kowanne da mata ko miji, ga iyaye, ga surukai, don haka zaɓe ya ƙare, saura rantsarwa. Muka shiga bi gida-gida. In an buɗe ƙofa sai ta kira cikakken sunan mutum, shi kuma, ko da tumbinsa da gemunsa, ka ga ya ƙame ya ce, "Na'am, Malama." Ta tambaye shi zai zaɓe ta? Ya ce haba, wa kuma zai zaɓa? Sai ta sa jan biro ta yi maki a gaban sunansa. Sannan ta tambayi inda 'ya'yansa ke karatu. Wanda ya ɗan samu abin hannu sai ka ga ya fara sosa ƙeya yana kallon ƙasa, don duk sun kwashe nasu tuntuni. Na ce mata, Yaya, mutum ya ce "na'am" don tsoro ba ƙuri'a ba ce. Ta ce in kula da tuƙina.

Taronta na siyasa kuwa, Allah ya sa ban sake ganin irinsa ba. In ta ce ƙarfe huɗu, to huɗu daidai take farawa, ko da kujeru ne kawai a gabanta. Wanda ya makara ya tsaya a baya. Babu kiɗa, babu hula, babu riga mai hoto, sai takarda shafi huɗu da take raba wa kowa ta ce ya karanta a gida, za ta yi tambaya a kai. In tana bayani ta ga biyu suna hira, sai ta yi shiru ta zuba musu ido har sai sun sha jinin jikinsu. Wani tsoho ya gaya mini shi kam zai zaɓe ta, amma ba zai sake zuwa taron ba, hawan jini gare shi.

Babban abokin karawarta shi ne Mai Bulo, mai gidan buga bulo mafi girma a yankin, kuma kowa ya san in an tashi gina shagunan nan daga wurin wa za a sayi bulon. Shi taronsa in an ce huɗu, bakwai yake isowa, da motoci da kiɗa, ya yi alkawarin ruwa, wuta, titi da aikin yi cikin minti biyar, a ɗauke shi a kafaɗa. Lasifikokinsa ni nake gyara masa, don sana'a ba ruwanta da jam'iyya. Shi ma ɗalibin Yaya ne, shekara uku a hannunta, kullum a bencin baya jikin bango. Duk inda suka haɗu sai ya rusuna har ƙasa ya ce, "Malama, a sa mana albarka." Ita kuma ta ce, "Miƙe, ka gyara wuyan rigarka."

Saura kwana goma zaɓe ƙungiyar 'yan kasuwa da direbobi ta shirya muhawara a zaurenta, da la'asar, gidan rediyo kuma ya ɗauka kai tsaye. Ni na haɗa wayoyin, na ɗaura wa kowane ɗan takara makirufo a wuyan riga. Wata 'yar jarida ce ke jagoranta, kuma ta zo da tsari irin na 'yan boko: tambayoyi a rubuce cikin kwali, ɗan takara ya zaro ɗaya, ya karanta da ƙarfi, ya ba da amsa. Yaya ta zaro tata, a kan magudanar ruwa, ta karanta, ta amsa da lamba ɗaya, biyu, uku, har aka fara hamma.

Sai Mai Bulo ya zaro tasa. Ya dube ta. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Ya yi gyaran murya, ya ce ya bar tabarau a mota. Wani shaƙiyyin direba daga baya ya ce, "A ba shi nawa!" Aka miƙo tabarau hannu zuwa hannu har ya iso. Ya sa. Gumi ya fara bin gefen fuskarsa. Ya kama kalmar farko da ƙyar, ya yi tuntuɓe a ta biyu, a ta uku ya tsaya cak. Dariya ta faro daga baya tana tahowa gaba, har mutanensa na sunkuyar da kai suna kakkaɓe kafaɗa.

Ba zan ɓoye ba, daɗi ne ya kama ni har cikin ƙashi. Na ƙara wa makirufonsa ƙarfi don duk garin ya ji numfashinsa. Zaɓe ne ya faɗo mana a tafin hannu, ba abin da ake buƙata daga Yaya sai ta zauna ta yi shiru na minti ɗaya, abin da ko jariri zai iya.

"Shiru!"

Zauren ya ɗauke wuta. Yaya tana tsaye, hannu a ƙugu.

"Wa ya fara dariyar nan? Kai mai jar riga, tashi tsaye. Mene ne abin dariya in mutum yana ƙoƙari?"

Wallahi ƙaton direba, mai tirela, ya miƙe tsaye hannu a baya. Ta taka ta isa wurin Mai Bulo, ta karɓe tabaran ta ajiye, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layin. Ta rage murya, a tunaninta raɗa take yi, ta manta abin da na ɗaura mata a wuya.

"Nutsu. Ba wanda yake korar ka. Fara daga nan. Raba ta biyu. Yawwa. Gaba."

Kalma-kalma suka bi tambayar har ƙarshe, kuma tambayar a kan makarantar bayan tasha ce, me ɗan takara zai yi game da rufe ta. Na ce a raina to, ta yi aikin ladanta, yanzu ta koma ta zauna ya kashe kansa da bakinsa. Ina! Malami ba ya barin tambaya ba amsa. Ya yi wuƙi-wuƙi da ido, sai ta ce, "Yara nawa ne a makarantar?" Ta ce, "Ɗari shi…" Ya ce, "Ɗari shida!" Ta ce, "In an rufe, titi nawa za su ƙetare? To gyara ya fi ko rushewa?" A haka ta ɗura masa shafi huɗun nan nata gaba ɗaya, tana ba shi da cokali, shi kuma yana maimaitawa da muryar nan tasa mai cika zaure, har ya fara jin daɗi yana dukan tebur yana cewa muddin yana numfashi ba mai taɓa makarantar talakawa. Da ya kai aya, Yaya ta juyo ta fuskanci jama'a, fuskarta wasai.

"Madalla. Ku tafa masa."

Aka tafa kuwa, tafin da ita ba ta taɓa samun rabinsa ba.

A mota ban iya riƙe bakina ba, karo na farko a rayuwata na ɗaga mata murya. Na ce wata uku ina ƙona mai, na rufe shago, na ɓata da masu kawo mini gyara, ga shi ta ɗauki kujerar ta miƙa masa da hannunta, har da tafi. Na ce mutumin da zai sayar da bulon da za a binne makarantar da shi ta tsaya tana ceto. Ta bar ni na gama tas. Tana kallon titi ta ce:

"Ni na wuce da shi, Auta. Aji huɗu, aji biyar, aji shida. Su casa'in da uku ne a ɗakin, ni kaɗai. Na san bai iya ba. Kowace shekara na rubuta ya ci, saboda na bayansa suna jiran bencin. Da suke dariyar nan, shi suke yi wa ko ni?"

Haushin bai tafi ba, amma tausayinta ya hau kansa ya zauna, har muka isa gida.

Washegari motocin Mai Bulo suka cika gari. Sun yanko muryarta daga rediyo, ba abin da ke tashi sai "Madalla, ku tafa masa, madalla, ku tafa masa," an haɗa da kiɗa, kuma ta cikin lasifikar da na gyara da hannuna take fita tar-tar, don ni ba na aikin algus. Tsofaffin ɗalibanta suka samu mafita. Ai Malama da kanta ta ce a tafa masa, su wa ne su da za su saɓa wa Malama? Ranar zaɓe Yaya ta zo ta uku cikin huɗu. Na huɗun ma ya janye tun da sati biyu, sunansa ne dai ya rage a takarda.

Bayan rantsarwa da kamar wata guda, ina gidanta ina duba mata fanka, sai ga Mai Bulo, yanzu Honarabul, ya bar 'yan rakiyarsa a mota ya shigo shi kaɗai da takarda a hannu. Ashe alkawarin da ya yi a rediyo ya zame masa ƙarfen ƙafa. Iyaye mata sun ɗauki maganar da gaske, kullum suna zuwa su zauna a ƙofar gidan bulonsa, ba zagi ba jifa, zama kawai, har masu saye sun fara canza wuri. Dole ya gabatar da ƙudiri a majalisa. An rubuta masa shafi biyu, amma dokar zauren ita ce mai ƙudiri ya miƙe ya karanta da bakinsa.

"Malama, in na yi irin na ran nan a can, ba wanda zai ce su yi shiru."

Na sauko daga kan kujera don in ji daɗin kallon yadda za ta kore shi. Sai ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta karanta, ta ja tsaki, ta zare biro ta soke rabi, ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa shiga aji ba. Ta ce gobe ƙarfe bakwai na safe, kuma kada ya zo mata da waya.

Sati uku ana haka. Ɗan majalisa guda, mai mota huɗu, yana zaune a teburin cin abincin Yaya, yatsa a kan takarda, ana ce masa "sake." Ranar da ya makara da minti goma a tsaye ya yi karatun. Mijinta ya dawo shan iska a shagona. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni labarin siyasa sai in ce ai mun ci riba, mun faɗi zaɓe kuma mun samu aikin koyarwa kyauta.

Ranar ƙudirin na kai ta majalisa, aka hau da mu benen 'yan kallo, mai gadi ya gargaɗe mu cewa a nan ko tari sai da dalili. Rabin kujerun ƙasa babu kowa. Waɗanda suka zo, wasu na latsa waya, biyu na hira, ɗaya ya jingina ya lumshe ido, wataƙila tunanin talakawa yake yi. Na ga hannun Yaya yana motsi a kan jakarta, na riƙe mata gefen mayafi.

Mai Bulo ya miƙe ya fara, a hankali, kalma na bin kalma. Ya wuce shafin farko lafiya. A tsakiyar na biyu ya ci karo da wata doguwar kalma ya tsaya. Shirun ya yi tsawo har mai lumshe idon ya buɗe ɗaya. Mai Bulo ya ɗago kai yana neman Yaya a bene. Bakin Yaya ya buɗe, mai gadi ya juyo, sai ta sa tafin hannunta ta toshe bakin da kanta. Mai Bulo ya mayar da kai, ya ɗora yatsa, ya raba kalmar biyu, ya haɗa, ya wuce. Da na waiwayo hawaye ne ke bin bayan hannunta, amma ni dai ban yafe masa ba.

Daga nan manya suka karɓa. Wani ya miƙe ya yi gyara, wani ya mara masa baya, shugaba ya buga guduma: an dakatar da rufe makarantar na shekara ɗaya, kwamiti zai yi bincike. Duka-duka bai kai minti biyar ba, aka wuce maganar sayen motocin aiki, nan kuwa har mai barcin sai da ya tofa albarkacin bakinsa.

A waje na ce mata shekara ɗaya ai raini ne, bulo ba ya ruɓewa, za su jira. Mai Bulo ya fito yana washe baki, yana jiran yabo, ta ce masa ya yi sauri a sakin layi na uku, sannan ta ce in kai ta makaranta. Hedimastan, wanda a ƙarƙashinta ya fara aiki, yana ganin ta ya miƙe.

"Yara nawa ne a aji ɗaya bana?"

"Tamanin, Malama."

"Raba su biyu ka ba ni rabi."

"Malama, ba ni da ɗaki, ba ni da albashin da zan ba ki, kuma kin ji dai, shekara ɗaya ce."

"Na ji da kunnena. Baranda ta ishe ni."

"To wane rabin?"

"Waɗanda malaminsu bai riƙe sunansu ba."

Yau wata bakwai ke nan. Kwamiti bai taɓa zama ba, an ce shugabansa yana ta tafiye-tafiyen ƙaro ilimi. Kullum bakwai da rabi ina sauke Yaya a ƙofar makaranta da allon da ta sa na haɗa mata da falankin tsohuwar lasifika, ta zauna a baranda da yara arba'in, ga ƙarar tasha, ga rana tana cin gefen tabarma tun kafin goma. Ashirin da shida sun fara haɗa baƙi, ɗaya ma har allon shagon faci ya karanta mini ba wanda ya sa shi. Jiya da na je ɗaukar ta na ce mata wata mota ta sauke yashi a bakin katangar baya. Ta ce ta gani tun safe. Ta ce saura mata yara goma sha huɗu da wata biyar, don haka daga gobe ƙarfe bakwai zan riƙa zuwa.